Goran Jar Kuɓewa

Ɗambatta, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗana Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ƙafata ta dama ce kawai take damuna in an yi ruwa. Ni ce Murja ƙanwar mahaifiyarka. Da hannuna nake rubuta maka, na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka kada ka yi wa rubutun dariya. Adireshinka a gidan su Maharazu na samu, wanda gwamnati ta tura kwas can garinku.

Bayan haka, an sa ranar bikin 'yata Zinatu, sati uku bayan Babbar Sallah. Ka san al'adar ɗakinmu. Tun daga kakarmu, ba 'yar da ta tare gidan miji ba tare da irin jar kuɓewarmu a cikin kayanta ba. To nawa ya ƙare. Shekarar fari sau uku na shuka, sau uku ya ƙone. Ɗan abin da ya rage, bara awaki suka shiga suka gama da shi. Na je Kazaure, na aika Ɓaɓura, ba mai shi. Kowa sai koriyar nan ta malaman gona.

Saura goran irin mahaifiyarka Luba, wanda ka ɗauke daga ɗakinta ran sadakar bakwai ba ka gaya wa kowa ba. Shekara uku da rabi ban yi maka magana ba, yanzu ma ba faɗa na zo yi ba. Luba ba ta bar 'ya mace ba, goran na Zinatu ne. Ka ba Maharazu ya taho da shi.

Innarka,
Murja

Deptford, London
6 ga Satumba, 1976

Inna,

Gaisuwa da ladabi, da barka da shan ruwa. Allah ya sawwaƙe ciwon ƙafa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da hannuwana da sabulun ɗakin wankin asibiti ya cinye. Rubutunki kuwa ban yi masa dariya ba. Ni wa ya koya mini? A jikin takardun ƙunshin ƙosai na fara haɗa baƙi.

Shekara uku da rabi, Inna! Alhajin da ya kawo ni in riƙa dafa masa tuwo a gidansa na nan, wata shida muka yi na ajiye masa ludayinsa na fita, ba wanda ya tambayi inda na nufa. Sai yau da ake neman gora aka tuna akwai wani Uwaisu. Kin rubuta "ɗauke". Bari in taya ki faɗin abin da ke ranki: sata na yi. Ran nan ina tsaye a bakin ƙofa kuna rabon kayanta, wannan ta ja tasa, waccan ta ja zane, har da gardama a kan tukunyar da ta tsage. Ba wadda ta waiwayo ta ce, Uwaisu, ungo wannan ka riƙa tunawa da ita. Namiji ne, me zai yi da kayan ɗaki? Sai na miƙa hannu bayan ƙyaure na sauke goran na cusa a riga.

Yanzu ki gyara zama. Goran yana nan a kan tagata, da totuwarsa a baki, da tokarsa a ciki. Ƙwaya kuwa babu ko ɗaya.

Gidan da nake haya yana da ɗan fili a baya, bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Shekarar farko na yi irin ta gida, ruwa ya sauka na fita da iri. Ashe nan ruwa ba ya sauka, yana nan ne kullum. A watan Maris na zuba rabin goran a cikin taɓo mai sanyi kamar randa, ya ruɓe. Bara na jira Mayu. Ya tsiro, ya yi taƙi ɗaya, ya yi rawaya, ya mutu ko fure bai yi ba. Daga nan na kama zuwa laburaren unguwa, duk littafin da ke da hoton ganye a bango sai da na karanta shi, har matar wurin ta fara ajiye mini kujera. Bana da na zazzage goran ƙwaya goma sha biyu suka faɗo. Na shuka su a gwangwanayen madara a kan taga, da suka yi ƙwari na fitar da su na kifa musu gilashin tsofaffin tagogi.

Sai Allah ya kawo zafin da tsofaffinsu ma suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawar filayen shaƙatawa ta ƙone kamar makiyayar Ɗambatta a bazara, Turawa suna ta faɗuwa a bas, aka hana ban ruwa da mesa. Ni kuwa ruwan wankana nake tarawa a bokiti in kai musu. Bakwai suka tsaya. Sun kawo mini ƙirji, kara ja wur, fure rawaya mai baƙin ciki, sak na bayan ɗakinta. Ban ci ko ɗaya ba, wallahi, ko da azumin nan da nake mafarkin miyarta. 'Ya'ya goma sha tara na bari a jikinsu.

Ke nan duk irin kakarku da ya rage a duniya yana tsaye a bayan wani gida a Deptford, kusa da igiyar shanya. In sun bushe zan zuba a goran in ba Maharazu, ya ce tsakiyar Nuwamba zai tashi. In kina da zagi ki rubuto, na saba.

Ɗanki,
Uwaisu

Deptford
20 ga Satumba

Inna,

Gaisuwa, da fatan ƙafa ta yi sauƙi, da fatan za a yi Sallah lafiya. Ban jira amsarki ba, don abin ya fara hana ni zama.

Zafin nan ya tafi kamar an kashe fitila. Yau kwana goma sha biyu ana ruwa, ba irin namu mai zuwa da tsawa ya yi abin da zai yi ya wuce ba, wani yayyafi ne marar zuciya da ke wuni yana tsiyaya. Unguwa duk an shiga rufe lambu. Mu ma mun fara, ni da Sista Scholastica, wata nas 'yar Kagoro da ke zaune a ƙasan bene, da ita muka raba filin. Shekararta tara a nan. Mun tsinke tumatir ɗanye shar mun naɗe a jarida mun jera a aljihun tebur, wai a can zai nuna. Mun cire albasa mun yi mata kitso mun rataye. Mun tumɓuke alayyafo, mun kife ƙasar da shebur, mun rufe ta da matattun ganye. Ni kuma na toshe ramukan taga da takarda, na wanke hitar kananzir. Fili ya zama fayau, saura kuɓewata bakwai a tsaye kamar waɗanda mota ta tafi ta bari.

Jiya ta same ni ina latsa 'ya'yan, ta ce, "Malam Uwaisu, ka shiga da abin nan ɗaki."

Na ce ba su bushe ba.

Ta ce, "Ba kuma za su bushe ba. Kana jiran rani ne? Nan in damina ta wuce ba rani ke biyo ta ba. Wata safiya za ka fito ka ga raɓa ta daskare ta yi fari a kan komai. Ran nan duk abin da ke da ganye mai laushi ya gama."

Na ce, "Ke a ina kika san kuɓewa? Ku da acca."

Ta ce, "A Kagoro na san kuɓewa, a nan na san Oktoba. Kai wanne ka sani a ciki?"

Kin ji bakin mata. Na koma laburare, littafi huɗu na duba, ɗaya ne ya san da kuɓewa a duniya, shi ma layi uku ya ba ta, wai tsiron ƙasashen zafi ne. Sannu da ƙoƙari! Ni dai abin da idona ya gani shi ne Luba ba ta taɓa sa wa kuɓewar iri wuƙa ba sai ta bushe a tsaye. Na fasa guda ɗaya in gani, ƙwayar fara ce, taushi gare ta. Saura goma sha takwas.

Inna, in cire ko in bari? Sau biyu na yi gaban kaina, sau biyu na yi ɓarna. Ba na barci sosai, a wurin aiki jiya na haɗa fararen zannuwa da jan bargo a inji ɗaya. Ki ba ni amsa da wuri.

Uwaisu

Ɗambatta, ranar Lahadi

Uwaisu,

Gaisuwa. Muna lafiya, an yi Sallah lafiya, ƙafa da sauƙi.

Na karanta takardarka sau uku, na kasa cin tuwo. Gora cike ka zubar a taɓon Turawa. Maganar rabon kaya ba yanzu ba.

Ka buɗe kunnenka. Kada ka sa wa 'ya'yan kuɓewar nan wuƙa. Kada ka motsa su daga inda suke. A bar su a tsaye a jikin uwarsu har su yi fari-fari su fara tsagewa, in ka girgiza ka ji kacau-kacau. Wadda aka cire ɗanya ƙwayarta fanko ce, ko shekara ta yi a rana ba ta tsirowa. Haka kakarmu ta yi, haka Luba ta yi. Duk wanda ya kawo maka wata dabara, ko mutum ko littafi, kada ka saurare shi.

Tun kana goye ba ka jin magana. Sau ɗaya a rayuwarka ka ji.

Murja

Deptford
29 ga Oktoba

Inna,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni mura nake yi, kuma ita ce mafi sauƙin abin da ke damuna.

Kin ce in ji magana sau ɗaya. Na ji. Ga sakamakon.

Takardarki ta iso ran sha uku ga wata. Na yi mamaki da ko ambaton sanyin da na gaya miki ba ki yi ba, amma na ce a raina babba ta yanke hukunci, ta kuma ce kada in saurari kowa. Sati biyu ina gadin kuɓewa. Na lulluɓe su da buhu, buhun ya jiƙe ya danne su. Na sayo laima biyu a kasuwar Deptford na ɗaura a sanda, iska ta kai ɗaya gidan maƙwabta. Tsohon Baturen gidan ya miƙo mini ita ta kan shinge, ya dubi kuɓewar, ya dube ni, ya koma ciki. Gara ma ya yi magana. 'Ya'yan kuwa maimakon su yi fari, sai bakinsu ya fara baƙi yana furfurar fumfuna.

Shekaranjiya da magariba na dawo daga aiki, gari ya washe a karo na farko, ba gajimare ko ɗaya, sanyi yana cizon kunne. Na leƙa baya na tarar da Sista da shebur. Ta riga ta tumɓuke biyu da saiwarsu, tana kan ta uku.

Inna, abin da na gaya wa matar nan ba zan iya rubuta shi ba. Na fizge shebur ɗin. Na zaro takardarki daga aljihu ina kaɗa mata a fuska, ina cewa wa ya ba ta izinin taɓa kayan uwata. Ni, Uwaisu, nake tambayar wani wa ya ba shi izini!

Ta ce, "Dubi sama. Yau za ta sauka."

Na ce innata ta ce a bar su.

Ta ce, "Innarka tana Ɗambatta."

Na tsaya a gaban biyar ɗin da shebur a hannu har ta gaji. Ta kwashi biyun ta shige, ta ce in na isa in shigo kicin ɗinta in ƙwata.

Jiya da safe na fito. Fari fat, shinge, igiyar shanya, har laimar. Da rana ta ɗan taɓa su sai ganyen ya zube kamar an tsoma a tafasasshen ruwa. Na latsa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ruwa da yauƙi ne ke fita, ƙwayar ta zama baƙin taɓo. Goma sha biyu. Na zauna a kan bokiti ban san lokacin da na makara aiki ba.

Biyun da ta sace suna rataye a kicin ɗinta, kai ƙasa saiwa sama, kusa da bututun ruwan zafi. Ta ce haka ƙwayar za ta ci gaba da shan abin da ya rage a karan. 'Ya'ya shida ne a jiki. Na je na ba ta haƙuri, ta bar ni a tsaye sai da ta gama shan shayinta.

Ban ce laifinki ba ne. A'a, na ce! Kina can kina ba da umarni a kan sanyin da ba ki taɓa ji ba, ni kuma da ke cikinsa na rufe ido na bi. In shidan nan suka ruɓe, ki gaya wa Zinatu ni da ke muka haɗu muka kashe irin kakarku.

Uwaisu

Ɗambatta, ranar Lahadi

Uwaisu,

Gaisuwa a gurguje, mai kai wasiƙa gidan waya yana tsaye. Takardarka mai maganar nas da raɓar da ke daskarewa sai jiya ta iso, ta fi wata a hanya. Waccan amsar da na aiko ta takardarka ta farko ce, lokacin ban san da wannan ba. Ni ban san ƙasar da rani ba ya zuwa ba. Ka bi maganar matar nan. Ka cire su ka shiga da su ɗaki yau yau. Allah ya sa ba ka ji maganata ba, kamar yadda ka saba.

Murja

Deptford
9 ga Nuwamba

Inna,

Gaisuwa da ladabi. Mura ta tafi. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi.

Takardarki mai cewa in cire su ta iso kwana shida bayan an gama. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na yi dariya har Sista ta leƙo ta ga ko lafiya. Don Allah, Inna, a ajin nan naku ba a koya muku sa kwanan wata ba? Kowace takarda "ranar Lahadi". Ni ma da na tsaya na yi lissafin kwanakin hanya da na gane, amma ina, zuciya ta riga ta hau. Abin da na rubuta a ƙarshen waccan takardar ki yafe mini. Ki yage ta.

Cikin shidan, biyu sun ruɓe. Huɗu sun yi fari-fari. Ran Alhamis Sista ta ƙwanƙwasa mini silin da sandar tsintsiya, na sauko, ta girgiza guda a kunnena. Kacau-kacau, Inna. Sai na juya ina kallon bango, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a kabad.

Mun fasa su a faranti. Na zuba a ruwa yadda Luba take yi, fankon ya taso, na kirkin ya nutse. Arba'in da uku suka nutse. Na shanya su a kan jarida kwana uku.

Sai matsalar toka. Tsohuwar ta goran ta sha danshi, gidan nan kuwa ba murhu, gas ne da kananzir. Aka yi sa'a ran biyar ga wata Turawa suke bikinsu na hura wuta a bayan gida. Da magariba tsohon maƙwabcin nan ya tara ganye ya kunna, na tattaro karan biyar ɗin da suka mutu na miƙa masa ta kan shinge. Ya ƙona mini su daban a kan murfin garwar shara. Da tokarsu na cika goran.

Gobe zan kai wa Maharazu a tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross. Akwatunansa bakwai, har da talabijin, ya ce ba wuri. Na ce ya sa a aljihun kwat ɗinsa, in goran ya fashe kada ya sake bi ta Deptford.

Duka arba'in da ukun na zuba, ban rage ko ɗaya ba. Na Zinatu ne, Allah ya ba su zaman lafiya. Ni na gama da lambu. Na kife ƙasar, na jingine shebur, tagar ma ta yi mini faɗi da ba goran. Ba sai kin ba ni amsa ba.

Ɗanki,
Uwaisu

Ɗambatta, ranar Lahadi
26 ga Disamba, ka gani na sa

Ɗana Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, an yi biki lafiya, Zinatu ta tare ran Juma'a da goran a cikin kwallarta. Tana gaishe ka.

Ran da Maharazu ya kawo shi ban yarda da kai ba. Na ɗebi uku na binne a makwararar bayan ɗaki, na kife da kwando saboda kaji. Biyu sun fito. Karan ja ne. Na kira matan gidan suka gani.

Takardar da ka ce in yage ban yage ba, akwai gaskiya a ciki. Ga kuma wata. Da ka bar goran nan a bayan ƙyaure, da na shuka shi shekarar fari bayan nawa ya ƙone, na san kaina. Da yanzu ba ko ɗaya. Ran rabon kaya kuma ban gan ka a bakin ƙofa ba. Ya kamata in gan ka.

Zinatu ta tafi da ashirin, na riƙe goma sha uku. Ka taɓa ƙasan ambulan ɗin nan a hankali, akwai ƙullin tsumma. Bakwai ne, da tokarsu. Daga yau ba zan sake yarda irin nan ya zauna a gari ɗaya ba. Ba na Zinatu ba ne waɗannan, ba kuma aro ba ne. Rabonka ne na kayan Luba.

Biyu a ciki ka ba nas ɗin, ka ce ina gaishe ta. In lokacin shuka ya yi, ita za ka tambaya. Kada ka tambaye ni.

Innarka,
Murja